Ku Tambaya Mu Amsa: wa ya cancanci famit ɗin koyon aikin wuta a Ostiraliya?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon kusan rabin saƙonnin da suka shigo magana ɗaya suke, wato takardar izinin nan da ake ba mutum a Ostiraliya ya yi aikin wutar lantarki a ƙarƙashin kulawar mai lasisi kafin shi ma ya kai ga nasa lasisin. Na tsinto guda bakwai, wasu na rage musu tsawo saboda fili, masu su ku yi haƙuri.

TAMBAYA: Salam Malam, ya aiki ya iyali. Ni dai shekarata tara ina wayarin, gidaje da shaguna har masana'anta na yi, kuma ina da satifiket na makarantar koyon sana'a. Yayana yana Birisben yace in Allah ya sa na je akwai wani famit da ake bayarwa mutum ya fara aiki kafin lasisi ya fito. Toh shine nake tambaya ni na cancanta? Kuma da na sauka zan nema ko akwai abin da zan yi tukunna?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Yayanka bai yi ƙarya ba, akwai famit ɗin, sai dai ya tsallake maka tsakiyar labarin. Farko dai Ostiraliya ba ta da lasisin wuta guda ɗaya na ƙasa baki ɗaya, jihohi shida ne da yankuna biyu kuma kowa da hukumarsa da dokarsa da sunan da yake kiran takardar. Tunda Birisben ka nufa toh dokar jihar Kwinsland ce za ta hau kanka, dokar kiyaye haɗarin lantarki ta 2002, kuma ofishin da ke ba da lasisin shi ne Electrical Safety Office. A can lasisin ma'aikacin wuta aji shida ne, akwai na mai wayarin wanda shi kake hari, akwai na masu hawa turaku, da na masu haɗa injuna da gyaransu, da na masu haɗa manyan kebul, da taƙaitaccen lasisi na masu wata sana'ar daban, na shidan shi ne famit ɗin horo da kake tambaya.

Abin da yawancin masu tambaya ba su gane ba shi ne, ba wai don mutum ya iya aiki ake ba shi famit ɗin nan ba. Wanda yake kan hanyar horo da hukuma ta san da ita shi ake ba, don ya samu damar taɓa waya bisa doka har ya gama horon. Shekara tara ɗinka ita kaɗai ba za ta buɗe maka ƙofar ba sai wani da gwamnatinsu ta yarda da shi ya auna ta ya sa hannu. Ga wanda ya koyi sana'ar a waje, masu aunawar su ne hukumar tarayya da ake kira Trades Recognition Australia, a taƙaice TRA, kuma ba su da kansu suke gwada ka ba, akwai makarantu da suka amince wa su yi, irin su VETASSESS. In ka haye sai a ba ka wata takarda da ake ce wa OTSR, ita ce za ka ɗauka ka kai wa hukumar jiha ka nemi famit da ita.

Sharaɗin shekaru kuwa ka cika shi a baki: mai horon makaranta da suka yarda da shi shekara 4 ake nema na cikakken aiki da ake biyansa, wanda bai yi makaranta ba shekara 6, kuma dole a samu wata 12 na aikin a cikin shekara 3 na baya-bayan nan, kar mutum ya ajiye fulaya shekara biyar yana tuƙin mota sannan ya zo yace shi mai wayarin ne. Nace a baki ne saboda inda mutanenmu suke faɗuwa kenan, ba a wajen iya aiki ba, a wajen takarda. Za su ce ka kawo shaidar cewa an biya ka kuɗi a kan aikin nan, takardar albashi, bayanan banki, takardar haraji, da wasiƙar wanda ka yi wa aiki mai ɗauke da ranar farawa da ranar gamawa da irin aikin da ka yi dalla-dalla. In kai ne ogan kanka sai rajistar kasuwancinka da rasitai da shaidar kwastomomi. Toh mutumin da shekara tara hannu da hannu ake biyansa yana sakawa a aljihu, wlh sai ya ga a takarda shekara biyu ma da ƙyar take fitowa. Don haka shawarata tun yau ka fara tattarawa, duk aikin da ka yi a turo maka kuɗin ta banki, ka rubuta rasit, ka ɗauki hoton allon rarraba wutar da ka haɗa kana tsaye a gabansa.

Bayan takardu akwai hira ta fasaha da wani ƙwararren mai wayarin, da Turanci ake yin ta kuma ba a yarda da tafinta ba, sannan gwajin hannu wanda dole ne ga duk sana'ar da ake wa lasisi. Ba kowace ƙasa ce ke da cibiyar gwajin ba, saboda haka ka sa kuɗin tafiya a lissafi.

Kuma ko OTSR ta fito, ita ba lasisi ba ce, ba kuma satifiket ɗin Ostiraliya ba ce. Cewa kawai take hannun mutumin nan ya iya, saura ya koyi dokokinmu. Da ita za ka samu famit, ka nemi kamfani mai lasisi ya ɗauke ka, ka shiga kwas ɗin cike giɓi a makarantar da aka yi wa rajista, ka yi aƙalla wata 12 a ƙarƙashin kulawa ana rubuta abin da kake yi, sai a ba ka satifiket mataki na uku na aikin lantarki mai lamba UEE30820, da shi ne kake neman cikakken lasisi. Za kuma su nemi shaidar ka iya farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, CPR kenan, kuma sabuwar shaida suke so ba ta shekarun baya ba. Maganar biza daban take, famit ba ya ba ka izinin zama ko na aiki a ƙasar, wannan ka nemi wakilin shige da fice mai rajista, kar ka biye wa 'yan Facebook.

TAMBAYA: Malam ni gaskiya abin nan yana min ciwo. Shekarata 46, na yaye yara sun fi goma, yanzu na zo nan an ce wai sai wani yaro da na haifi kamarsa ya riƙa duba aikina shekara guda. Wannan ba raini ba ne kawai don mu baƙi ne? Wuta ai wuta ce ko'ina.

AMSA: Yaya, na ji zafin da ke cikin saƙonka kuma ba zan ce ba ka da hujjar jin haushi ba, babba ya koma yaron wani ba daɗi. Amma ka sani ko Bature ɗan Ingila ko ɗan Ayaland da ya zo da lasisin ƙasarsu wannan layin yake bi, 'yan Niyu Ziland ne kawai suke da gajeriyar hanya saboda yarjejeniyar amincewa da lasisin juna ta 1997, kuma su littafin dokar wayarin ɗinsu ɗaya ne da na Ostiraliya, AS/NZS 3000, shi ya sa.

Wuta wuta ce, gaskiyarka, bolt 230 ne kuma bugu 50 a daƙiƙa kamar wurare da yawa. Amma yadda suke ɗaure ta a gida ba ɗaya ba ne, kuma bambancin a wuraren da ke kisa yake. Ɗauki maganar at, wato wayar kariya da ake kaiwa ƙasa, da nutural, wayar da wuta ke komawa ta cikinta. Su tsarin da suke bi sunansa MEN, a babban allon kowane gida ana haɗe nutural da at da wata 'yar mahaɗa guda ɗaya, sannan layin kamfanin wuta shi ma an kai nutural ɗinsa ƙasa a wurare da yawa. Amfaninsa in layif ta taɓa jikin ƙarfe wutar tana samun hanya mai sauƙi ta koma da ƙarfi, bireka ta faɗi nan take. Amma ka ga in mutum ya juya layif da nutural a wajen shigowar wuta gidan, toh duk wani ƙarfe da aka yi wa at ya zama mai wuta, famfo, jikin firji, bututun wanka, kuma fitilu za su kama lafiya lau, mai gida ya biya ka har da godiya, sai yaro ya shiga wanka. Haka in nutural ɗin shigowa ta tsinke ko ta yi sako-sako, wutar sai ta nemi hanyar komawa ta bututun ruwa, mutane su fara cewa famfo yana ɗan jan su. Wanda ya saba da tsarin da at ɗin gida take zaman kanta da sandarta a ƙasa, hannunsa zai iya yin aiki mai kyau tsaf amma kansa bai saba neman wannan haɗarin ba.

Ga kuma launin waya. A wayarin ɗin gini na Ostiraliya ja ce layif, baƙa ce nutural, kore da rawaya at, in fes uku ne kuma ja da fara da shuɗiya duk layif ne. A tsarin Turai wanda Ingila ta koma kansa tsakanin 2004 da 2006, shuɗiya ita ce nutural, baƙa kuma ɗaya ce daga cikin layif. Kaga an yi musaya kenan, kuma injunan da ake shigowa da su da wayoyin kayan aiki da launin Turai suke zuwa, sai ka buɗe akwati ɗaya ka tarar da tsarin biyu suna kallon juna. Wanda ya tashi da filogi mai fiyus a ciki na amf 13 da soket da ake zagayowa da su zobe, zai tarar nan filogin amf 10 ne ba fiyus, kuma kowane layin soket miƙewa yake daga allo. Tun bugun 2018 na littafin dokar kuma duk ƙananan layukan gidan zama sai an sa musu bireka mai gane yoyon wuta, RCD mai miliyamf 30, har layin fitilu.

Sai gwaji, kuma ni a ganina nan ne shekarar take da amfani ko ga tsohon hannu irinka. Can ba a gama aiki da an ɗora tasta ta kawo haske. Kafin a saki wuta sai an auna ci gaban at, babbar wayar at kar ta wuce rabin om, a buga mega, na'urar auna ingancin rufin waya, a bolt 500 a ga aƙalla megom 1, a tabbatar ba a juya layif da nutural ba, a duba kowane layi yana inda ya kamata, a auna hanyar komawar wuta in an samu matsala, a gwada RCD ta faɗi. Kuma wanda ya sa hannu shi doka za ta kama. Yaron nan da ke duba aikinka ba wai ya fi ka iya lanƙwasa bututu ba ne, lasisinsa ne a kan layi in wani abu ya faru.

Sannan ƙasar tana da tabon da ya sa ba sa wasa da maganar kulawa. A 2009 gwamnatin tarayya ta fito da shirin saka abin tare zafi a rufin gidaje, kamfanoni suka yi ta ɗibar matasa ba horon kirki suna tura su cikin silin. Matasa huɗu suka mutu tsakanin ƙarshen 2009 da farkon 2010, uku wuta ce ta kashe su kuma duk a Kwinsland, ƙaraminsu shekararsa 16, biyu daga ciki ƙusar sitefula ta ƙarfe ce ta huda wayar da ke ɗauke da wuta. Sai da aka kafa babban kwamitin bincike da ya ba da rahoto a 2014. Su ba masu wayarin ba ne, amma abin da ya fito fili shi ne an bar wanda bai sani ba shi kaɗai kusa da wuta. Don haka Yaya in ka je gari ka ga kowa da wutsiya kai ma ka nemi taka ka ɗaura, wata 12 ne, kuma mai shekarunka in ya kwantar da kai yakan wuce gwajin ƙarshe cikin sauƙi.

TAMBAYA: Ina da digiri a injiniyancin lantarki har da na biyu. Wani abokina yace ni ba sai na bi ta famit ba kai tsaye za a ban lasisi. Haka ne?

AMSA: A'a Injiniya, abokinka ya haɗa hanya biyu da ba sa haɗuwa. Digirinka Engineers Australia ce ke auna shi, kuma zai ba ka damar zane da lissafi da tsara aiki, amma ba zai ba ka damar ɗaura soket ko ɗaya a bangon wani ba, kai ko a gidanka. Lasisin wayarin na sana'ar hannu ne, tushensa satifiket mataki na uku da aikin da aka yi a fili. In bayan digirin ka yi shekaru kana wayarin da hannunka ana biyanka kuma kana da shaida, toh bi hanyar TRA da na faɗa a sama a matsayin mai wayarin. In kuwa ofis ka zauna, sai dai ka shiga koyon sana'a kamar kowa, makaranta za ta iya yafe maka wasu darussan ka'ida amma ba za ta yafe maka aikin fili ba. Abin da ba ya buƙatar lasisin wuta galibi shi ne ƙaramar wuta sosai, wadda ba ta wuce bolt 50 a AC ko 120 a DC ba, ita ma wani aikin nata kamar wayar sadarwa yana da tasa rajistar daban.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Ɗana ne zai gama sakandare bana, muna zaune a Fas, Yammacin Ostiraliya, yace shi aikin wuta yake so ba jami'a ba. Babansa bai so ba amma ni na goyi bayansa. Shi ma sai ya nemi wannan famit ɗin ne? Me zan taya shi shiryawa?

AMSA: Hajiya Allah ya yi masa albarka, sana'a ce mai kyau ya zaɓa, ki lallashi baban. Hanyarsa ta fi ta masu zuwa daga waje sauƙi, shi koyon sana'a zai shiga na shekara huɗu, yana aiki ana biyansa albashin ɗan koyo yana kuma zuwa makarantar koyon sana'a irin su TAFE. Abin da ke sa shi cikin tsarin shi ne yarjejeniyar horo da za a sa wa hannu tsakaninsa da kamfanin da ya ɗauke shi a yi mata rajista da gwamnatin jiha, in bai kai 18 ba ke ko babansa za ku sa hannu tare da shi. A jiharku ɗan koyo sai ya riƙe lasisin horo na musamman daga hukumar ba da lasisin lantarki kafin ya fara taɓa aikin wuta, don haka eh zai nema, amma bayan ya samu wanda ya ɗauke shi ko ya shiga kwas ɗin share fage. Da a Kwinsland kuke da ba ya buƙatar wata takarda daban, rajistar koyonsa ta wadatar, sai dai can doka ta hana a sa wanda bai cika wata 6 da farawa ba aiki a inda zai iya taɓa waya mai wuta.

Wahalar ba a takardar take ba, a samun kamfanin take, don masu nema suna da yawa. Abin da zai taimake shi: ya riƙe lissafinsa da kyau har ya gama makaranta don akan yi musu gwajin lissafi kafin ɗauka, ya yi kwas ɗin share fage na satifiket mataki na biyu, ya yanki farin katin shiga wurin gini, ya samu lasisin tuƙi da wuri. Ki kai shi a duba ko idonsa yana bambance launuka tun yanzu, kamfanoni da yawa suna tambaya, gara ku sani da wuri. Akwai kuma ƙungiyoyin horo da ke ɗaukar yaro su riƙa juya shi tsakanin kamfanoni, ni ina son wannan tsarin don yaro yana ganin aiki iri-iri. Abu ɗaya da za ki tabbatar shi ne matsayin zamanku, ɗan ƙasa da mai takardar zama na dindindin ba su da matsala, amma mai bizar ɗalibi galibi ba ya shiga wannan tsarin.

TAMBAYA: Oga ina Malbon, na samu lasisin aiki ƙarƙashin kulawa wata bakwai kenan. Matsalata biyu. Ogana da safe yake sauke ni a wurin aiki ya tafi sai yamma, kuma tunda na fara ba abin da nake sai jan kebul da ɗaura faifan sola a rufi. Na biyu, mutanenmu suna kirana ran Asabar in sa musu fanka ko in ƙara soket su ɗan ba ni wani abu, ai ina da lasisi ko?

AMSA: Ƙanena bari in fara da ta biyun don ita ce za ta iya rusa ka. Ba ka da lasisin da zai ba ka damar wannan. Takardar da Energy Safe Victoria, hukumar lasisin wuta ta jiharku Biktoriya, ta ba ka tana aiki ne kawai lokacin da mai cikakken lasisi yake kula da kai, ran Asabar a gidan ɗan'uwa kai da wanda bai taɓa riƙe sukundireba ba ɗaya kuke a idon doka. A Biktoriya aikin wayarin sai an fitar masa da takardar shaidar lafiyar aiki, kai kuma ba ka da ikon fitar da ita, in gobara ta tashi kamfanin inshora zai fara tambayar wa ya yi aikin, kuma ɗan'uwan nan da ya ba ka shayi shi zai faɗi sunanka don ba shi da zaɓi. Tarar ba ƙarama ba ce, a Kwinsland ma tana kai dalar Ostiraliya 40,000 ga mutum ɗaya, kuma abin da ya fi tarar ciwo shi ne hukumar da za ta hukunta ka ita ce dai za ka koma wa neman lasisi. Ko bayan ka samu cikakken lasisin ma, karɓar aiki da sunanka sai ka yi rajistar ɗan kwangila da inshora, wannan wani matakin ne daban. Ka ce musu su yi haƙuri, saura kaɗan.

Ta farkon kuma, ogan naka yana cutarka ta fuska biyu. Kulawa tana da matakai, akwai wadda mai kula yake tare da kai yana gani yana ji, akwai wadda yake wurin yana leƙowa lokaci-lokaci, akwai wadda yake ba da umarni ya dawo ya duba ya gwada, kuma ana sassautawa ne gwargwadon yadda aka ga hannunka a kan wannan aikin na musamman, ba don oga yana da wani wurin zuwa ba. Kashe wuta da tabbatar da ta mutu da gwajin ƙarshe ba abin da za a bar ka kai kaɗai ba ne. Sannan wata 12 ɗin nan ba kwanaki ake ƙirgawa kawai ba, makarantarka za ta buɗe littafin aikinka ta ga ko ka taɓa allon rarraba wuta, ka yi layin fitilu da na soket, ka haɗa injin lantarki mai fes uku, ka nemo matsala, ka yi gwaji. In ta ga jan kebul da faifan sola shafi bayan shafi ba za ta sa hannu ba, shekara ta tafi a banza, takardarka kuma wa'adi gare ta. Gaba kuma akwai jarrabawar lasisi ta Biktoriya mai kashi uku, ta ka'ida da ta aikin hannu da ta kashe wuta cikin aminci, wanda bai saba gwaji da hannunsa ba a nan yake zubewa.

Abin yi, ka je wa malaminka na makaranta da littafin ya nuna maka guraben da babu komai, ka kai wa ogan a rubuce cikin ladabi kace ga abin da makaranta ke nema. In ya gyara shikenan. In bai gyara ba ka fara neman wani kamfanin tun kana da sauran lokaci, ka kuma tabbatar ya sa hannu a kan watanni bakwai ɗin da ka yi kafin ka tafi, don bayan an rabu sa hannu wuya yake. In bizarka a ɗaure take da kamfanin ka ga wakilin shige da fice kafin ka motsa. In kuma har da albashi yake taɓawa, ofishin Fair Work Ombudsman na karɓar ƙorafin baƙo kamar yadda yake karɓar na ɗan ƙasa.

TAMBAYA: Ni gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki nake. Ba na son zama mai wayarin, kawai in iya cire na'ura daga wuta in mayar. Akwai nawa?

AMSA: Akwai ɗan'uwa, taƙaitaccen lasisi kenan, an yi shi don irinku da masu aikin famfo da ke canza tukunyar ruwan zafi. Sharaɗinsa ka nuna kana da sana'ar da aka amince da ita kuma aikin naka yana buƙatar cirewa da mayarwar, ka yi ɗan kwas, ka yi aikin a ƙarƙashin kulawa kafin a sake ka. Amma iyakarsa kenan, ba ya ba ka damar jan sabon layi daga allo ko ƙara soket, kuma shekarun da ka yi da shi ba sa rikiɗewa su zama cikakken lasisi. Lasisin taɓa iskar gas ɗin sanyi kuma daban yake, na ARC ne, hukumar da ke kula da lasisin aikin firji da na'urar sanyaya ɗaki.

TAMBAYA: Malam wani ya turo min talla a WhatsApp wai za su ba ni satifiket mataki na uku cikin sati biyu ba aji ba gwaji, in turo hotunan aiki da kuɗi kawai. Kuma in na samu famit a jiha ɗaya zan iya komawa wata da shi?

AMSA: Kar ka tura ko sisi. Tsarin duba ƙwarewar da mutum ya riga ya samu gaskiya ne akwai shi, amma na gaske sai an zaunar da kai an tambaye ka an kuma ga hannunka a kan allo. Hukumar ASQA mai sa ido kan makarantun sana'a ta soke rajistar makarantu irin waɗannan, kuma daga ƙarshen 2024 ta bi dubban satifiket da suka bayar ta soke su a hannun masu su, kuɗi ya tafi takarda ta tafi. Ko satifiket ɗin bai soku ba hukumar lasisi tana da ikon tambayar yadda aka same shi da inda ka yi aikin kulawa. Kafin ka biya kowace makaranta ka shiga shafin training.gov.au ka duba tana da rajista kuma an ba ta izinin koyar da wannan kwas ɗin na UEE30820.

Maganar canza jiha, dokar amincewa da lasisin juna ta 1992 ta fi amfanar mai cikakken lasisi, shi zai iya kai na Kwinsland a ba shi kwatankwacinsa a jihar NSW (Niyu Sawut Wels) ko Biktoriya. Famit kuwa takardar jihar da ta bayar ce da sharuɗɗanta, in ka koma sai ka nemi na sabuwar jihar da OTSR ɗinka kafin ka fara aiki, ka kuma tambayi makarantarka tun kafin ka tashi ko za ta ci gaba da bin littafin aikinka daga can. In da hali ka ƙarasa wata 12 ɗinka a inda ka fara, ka karɓi lasisin, sannan ka ɗaure kaya.